Yafiya Biyu da Gonar Fadama

Na san abin da kuke faɗa game da gonar fadama, ko da yake babu wanda ya taɓa faɗa mini a gaban ido. Uwarku Habsu ba ta iya riƙe magana, katangar gidanmu kuma ba ta da kauri. Kuna cewa tsohonku ya ga haƙƙinsa a tafin hannu ya zubar da shi da bakinsa, har sau biyu, ya bar ku kuna wucewa ta gefen gonar kakanku a Urno kuna gaida wani mutum da ke ban ruwa a cikinta. Rabin wannan magana gaskiya ce. Ɗaya rabin nake so in shimfiɗa muku a nan, ba don in wanke kaina ba, domin ni ma har yau ban gama gane abin da ya faru ba. Kun sha jin labarin daga bakin uwarku, wadda ta fi ni baki kuma ta riga ni farawa. Yanzu sai ku zauna ku ji na mai ƙafa ɗaya.

Na fara yi wa Alhaji Bube tuƙi gemuna yana baƙi ƙirin, na bari ya yi fari. Kamiyo ɗaya, babbar motar kaya, yake da ita a lokacin, tsohuwa mai tari, muna loda albasa a Madawa muna kai ta har bakin teku. Motocinsa sun yawaita a gabana, wasu ni na je na tuƙo su suna sababbi. Ɗansa Nasiru a cinyata ya fara taɓa sitiyari. Da yaron ya girma ya je ya yi karatu ya dawo, sai ya buɗe biro, wato ofis, a ƙofar gidansu, da tebur da fanka da tambari, ya ce daga yau kowane direba sai da kontira, wato takardar yarjejeniyar aiki. Ya tara mu ya karanta mana da faransanci ya juya da Hausa. A ciki akwai wurin da aka ce idan ciwo ya hana mutum aiki, likita ya tabbatar, za a sallame shi da kuɗi daidai da shekarun da ya yi. Muka yi ta dariya, muna cewa yaro ya zo yana yi mana fatan ciwo. Na sa hannu ina hira da na kusa da ni, na kai takardar gida Habsu ta ajiye ta a ƙarƙashin kwanoninta.

Ciwon sukari ya daɗe yana bina ban ba shi hanya ba. Direban doguwar hanya ba ya rabuwa da shayi, ni kuwa shayina sai cokali ya kusa tsayawa a ciki. Likita ya hana, na ce to, na fita na sha a ƙofar asibitin. Wata tafiya, muna jiran takardun duwan, wato kwastan, a kan iyaka, wani ƙarfe ya soke ni a tafin ƙafar dama. Ƙaramin abu ne, na ɗaure da tsumma na ci gaba da taka mota. Kafin in dawo Madawa ƙafar ta kumbura, ta canza launi, ta fara warin da har yaron motata ya koma kwana a kan buhuna. Da aka kai ni asibiti likita ya duba, ya kira wani suka duba tare, sannan ya ce za a yanke ta ƙasa da gwiwa, kuma da jinina yadda yake ba zai yi mini alkawarin komai ba.

Gaskiya ɗaya ce, Alhaji ya taimaka. Ya aiko da abin da ya aiko, amma bai kai ba, domin aikin da magani da zaman jinya sun fi ƙarfinsa nesa. Shi ne na aika aka kira Ɗan Tanin, maƙwabcinmu na gona, na jinginar masa da gonar fadama. Kun san yadda jingina take: ya ba ni kuɗi, shi kuma ya riƙa noma gonar har ranar da na mayar masa da abinsa. Ban ji zafin abin sosai ba a lokacin. Na ce wa Habsu idan na tashi, kuɗin sallama za su fanso ta, idan kuma ban tashi ba, su je su karɓa su fanso. Lissafin a kaina daidai yake, ba gyara.

To, ga inda abin ya fara karkata. A wurinmu mutum ba ya shiga ƙarƙashin wuƙar likita sai ya zaga ya nemi yafiya, kamar mai tafiya hajji. Haka na ga iyayena sun yi, kuma da ban yi ba da ku kanku kun ce tsohon nan ba shi da tsoron Allah. Aka ɗora ni a amalanke, na bi 'yan'uwa, na bi maƙwabta, na bi har mahaucin da muka yi shekaru muna gaba. Daga ƙarshe aka kai ni zauren Alhaji. Ranar kasuwa ce da hantsi, zauren cike da dillalan albasa da direbobi, ga liman na unguwarsu yana zaune. Aka sauke ni a kan tabarma. Na ciro makullin kamiyo daga aljihu na ajiye a gabansa, domin ga lodi yana jira, dole wani ya tuƙa. Sannan na yi magana ina hawaye.

"Alhaji, gobe za a yi mini aiki, ban sani ba ko in tashi ko kar in tashi. Mun daɗe tare. Abin da niy yi maka, wanda nis sani da wanda ban sani ba, ka yahe mini. Ni ko abin da duk ke tsakanina da kai, na yahe maka, duniya da lahira."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya goge ido da bakin rawaninsa.

"Arzika, ba ka yi mini komi ba sai alheri. Na yahe maka, duniya da lahira. Allah shi tashe ka."

Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Na fita daga zauren nan zuciyata wasai, ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba. Da na mutu a kan teburin likita, da yanzu kuna ba 'ya'yanku labarin kyakkyawan ƙarshen da kakansu ya yi. Sai Allah ya ƙaddara ban mutu ba.

Na farka ba ƙafa, na yi jinya mai tsawo, na koyi tafiya da sanduna ina faɗuwa uwarku tana ɗaga ni tana faɗa. Da na ji ƙarfi, sai na sa ta ciro kontirar daga ƙarƙashin kwanoni, na haɗa da takardar likita, na tafi biro. Nasiru ya tashi ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya tambayi jiki da iyali. Da na shimfiɗa takardun a gabansa, sai ya dube su ya dube ni, kamar wanda aka kawo wa kayan da ba nasa ba.

"Baba Arzika, wanga article, wanga wuri na takarda, na wanda anka sallama na. Kai ba mu sallame ka ba. Kai da kanka kaz zo kab ba da makulli gaban mutane. Wannan demisiyo na, aje aiki ke nan. Kuma ban da wannan, kac ce abin da duk ke tsakaninku da Alhaji ka yahe. Ni ina nan tsaye bakin ƙohwa, na jiya."

"Nasiru, makullin nan don a kai albasa nib ba da shi. In tahi da shi wurin likita a yanke shi tare da ƙahwata?"

"Ban ce ba, Baba. Amma ni takarda ni ka bi."

"To yahiyar, takarda ta?"

Sai ya ce in ga Alhaji. Na ɗauki sandunana na zaga zaure. Alhaji ya yi murna da ganina ƙwarai, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Da na kawo maganar, murmushinsa bai tafi ba, amma ya saki hannun.

"Ashe ba mu gama da kai ba, Arzika? Ni na ɗauka mun gama, gaban liman. Maganar biro ko, ta Nasiru ta, ni ban iya karatunsu ba."

Haka aka yi ta mayar da ni tsakanin zaure da biro, waɗanda katanga ɗaya ce ta raba su. A biro a ce mini maganar Allah ce, a zaure a ce mini maganar takarda ce. Na dawo gida kaina ya ɗaure. Ba fushi na fara ji ba, kunya na ji, irin ta wanda ya yi kyauta a bainar jama'a sannan aka gan shi yana leƙen inda aka ajiye ta. Uwarku kuwa ba ta ga abin kunya ba ko kaɗan. Tana tankaɗen gari tana magana, garin yana tashi.

"Kai kac ce ka yahe, ni ban ce ba. Ɗiyanka ba su ce ba. Guminka na shekara da shekaru, wa yab ba ka izinin kyauta da shi? Kai ɗai ka ci cikin gidan ga?"

Na tafi wurin liman, wanda aka yi abin a gabansa. Ya saurare ni da kyau, ya ce abin da mutum ya yafe da bakinsa, da hankalinsa, gaban shaidu, ya fita hannunsa, kuma komawa kansa ba halin mutanen kirki ba ne, sai dai idan Alhaji ya ga dama ya ba ni don Allah. Na dawo na faɗa wa Habsu. Ta ce ai liman a zauren Alhaji yake shan fura, ta tura ni Babankatami wurin wani kawunta malami, tsoho mai littattafai har rufin ɗaki. Na sha wahalar hanya a bayan moto, babur ɗin haya, da ƙafa ɗaya. Shi kuma ya ce magana tana bin niyya, idan ban nufi kuɗin ba to ba su shiga ciki ba, kuma ma ta yaya zan yafe abin da bai riga ya hau kan Alhaji ba a ranar? Na ji daɗi har na fara godiya. Sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Sa'ad da kac ce abin da duk ke tsakaninku, mi ka nuhi? Ka tuna da kuɗɗin ko ba ka tuna ba?"

Yarana, a nan ne na maƙale, kuma har yau a nan nake. Da na ce ban tuna ba, da magana ta ƙare, domin ba wanda ya shiga zuciyata. Amma ni na san cewa da safen ranar na yi wa uwarku maganar kuɗin, na san suna nan. Da na ce na tuna kuma na haɗa da su, ƙarya ce, domin wane mahaukaci ne zai jinginar da gona don kuɗi sannan ya je ya yi kyauta da su? Abin da na sani shi ne a cikin zauren nan ni mutum ne mai mutuwa gobe, kuma mai mutuwa gobe ba ya ware wannan ya bar wancan. Na ce duka, kuma a lokacin duka nake nufi, ba tare da na tsaya na duba abin da ke cikin dukan ba. Na gaya wa tsohon haka. Ya shafa gemu, ya ce to wannan tsakanina da Ubangijina ne. Na biya kuɗin moto na je Babankatami don a mayar mini da tambayata, na biya na dawo.

Direbobin Alhaji ne suka nuna mini hanyar Tawa. A ɓoye suke zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce kar in faɗi sunansa, domin sun gane cewa abin da ya same ni yana jiran kowannensu. Suka ce akwai enspekter na aiki, ma'aikacin gwamnati da ke raba gardama tsakanin mai aiki da maigidansa. Na je. Mutum ne siriri mai tabarau, mai haƙurin sauraro. Na ba shi labari tun daga ƙarfen da ya soke ni. Da na zo kan yafiya sai ya ajiye alƙalami.

"Baba, ka rubuta musu cewa ka bar aiki? Ka sa hannu a wata takarda cewa ka bar kuɗinka?"

"A'a, ranka shi daɗe. Da baki na, gaban liman."

"To doka ba ta san wannan ba. Ajiye makulli ba demisiyo ba ne. Ciwo ya hana ka aiki, ga takardar likita, ga kontira. Haƙƙinka yana nan."

"To maganar da niy yi, ina ta tahi?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi dai ba ta cikin dosiyensa, wato takardun ƙarar da ke gabansa. Na fito ofishin da murna a gefe ɗaya da nauyi a ɗaya gefen. Abin da na faɗa a rana mafi girma a rayuwata, ina kuka, liman yana shaida, ga wani mai tabarau yana ce mini kamar ban faɗa ba. Ya kamata in ji daɗi, ai abin da na zo nema ke nan. Amma duk hanyar dawowa ina tunanin cewa idan tawa yafiyar ba komai ba ce, to ta Alhaji da ya yi mini fa?

Aka aika wa kamfanin Alhaji sammaci. Nasiru ya zo Tawa da jakarsa, ya maimaita maganar makulli, enspekter ya ce ba ta zauna ba. Ya ba mu lokaci mu daidaita, in ba haka ba a tura dosiye gaban alƙali, kuma ya faɗa wa Nasiru a gabana cewa bai ga yadda za su ci ba. A takarda na kusa nasara. A Madawa kuwa labari ya sha bamban. Magana ta bazu cewa Arzika ya yafe wa maigidansa a gaban jama'a, da ya ga bai mutu ba ya kai shi ƙara. Mutanen da muka yi shekaru muna sahu ɗaya suka riƙa gaishe ni a tsaitsaye. Wani dillali ya ce mini cikin raha, nan gaba in zan nemi yafiya in zo da enspekter ɗina. Na yi dariya tare da shi, na koma gida na kasa cin tuwo.

Ana cikin haka Ɗan Tanin ya zo. Ba mugun mutum ba ne, kar ku riƙe shi a zuciya. Ya ce lokacin dashen albasa ya matso, yana so ya haƙa rijiya ya sa injin ban ruwa, kuma ba zai zuba dukiyarsa a ƙasar da ba tasa ba. Ko dai in mayar masa da kuɗinsa kafin dashe, ko ya yi mini ciko gonar ta zama tasa. Na ce ya ba ni ɗan lokaci, magana tana gab da ƙarewa. Ya ce ya ba ni.

Sai Alhaji ya faɗi. Zuciya ce, aka ce za a kai shi Yamai a buɗe ƙirjinsa, kuma likitoci ba su yi alkawarin komai ba. Ana gobe tafiya, bayan azahar, ƙaramar motarsa ta tsaya a ƙofar gidanmu, direban ya ce Alhaji yana son ganina. Ba sai an gaya mana dalili ba. Habsu ta bi ni har zaure tana gyara mini wuyan riga da ƙarfi kamar za ta shaƙe ni.

"Malam, ka ji ni da kyau. In yac ce ka yahe mai, ka ce na yahe maka lahira, duniya ko mu gamu Tawa. Hwaɗi in jiya."

Na faɗa. Ta sa na sake. A cikin mota ma na yi ta maimaitawa a raina, ina gyara maganar don ta yi laushi: Alhaji, tsakanina da kai ba komai, amma haƙƙin yara yana nan. Magana ce mai kyau, ba wanda zai ce na yi rashin kunya.

Aka shigar da ni ɗakinsa. Liman yana zaune a gefe, ga dillalai biyu, ga Nasiru a tsaye jikin bango da wayar salula a hannu. Alhaji kuwa, mutumin da in ya yi tsawa a tasha ake ji a kasuwa, ya koma ɗan mitsitsi a cikin bargo, leɓɓansa sun bushe. Ya miƙo hannu na kama, sanyi ƙalau. Da na dubi idonsa sai na ga abin da na sani, domin ni ma na kwana a wurin da yake kwance. Na san yadda mutum yake ƙirga fuskoki yana neman wadda ta rage.

"Arzika, gobe za a yi mini aiki. Ka yahe mini."

Maganar da na shirya tana nan a bakina, ban manta ko kalma ɗaya ba. Na buɗe baki in faɗe ta, sai na ji ba za ta fita ba. Ta yaya zan ce wa mai tafiya gobe mu haɗu a Tawa?

"Na yahe, Alhaji."

Bai saki hannuna ba. Ya ƙara matse shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Duka?"

Na ga gonar fadama a idona, da giginyar da ke bakinta, da ku kuna ƙanana kuna korar awaki. A wannan karon ba zan ce ban tuna ba, na tuna sarai.

"Duka, Alhaji. Duniya da lahira."

Aka shafa fatiha. Nasiru ya rako ni har mota, ya riƙe mini sanduna. Da na isa gida uwarku ta dubi fuskata kawai, ta juya ta shiga ɗaki. Ranar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da lokacin da enspekter ya ba mu ya cika, ya kira ni ta salula. Na gaya masa abin da ya faru. Ya ce wannan ma doka ba ta san shi ba, dosiye yana nan da ransa, in zo kawai in sa hannu a tura gaban alƙali. Na ce masa na gode, zan yi tunani. Ban je ba. Yafiyar farko ina iya cewa ban san abin da na faɗa ba, har malamai biyu suka kasa haɗuwa a kanta. Ta biyu kuwa an tambaye ni duka, na ce duka, ina ganin gonar a gabana. Idan na je Tawa bayan wannan, ban san da wane baki zan sake ce wa wani mutum na yafe ba. Na aika aka kira Ɗan Tanin, ya yi mini ciko gaban mai gari, gonar ta zama tasa. Da cikon muka saya wa uwarku injin markaɗe, wanda kuka ci kuka yi lekol, karatun boko, da shi, kuma wanda har yau in ta tayar da shi nake jin kamar da ni yake.

Sauran kun sani. Alhaji bai mutu ba. Ya dawo daga Yamai da sabon ƙirji, ya ƙara ƙiba, ya sayi wasu motocin. Mu biyu muka yi bankwana da duniya, mu biyu kuma duniya ta ƙi sakinmu. Duk inda muka haɗu, a suna ko a jana'iza, sai ya rungume ni ya ce wa mutane ga ɗan'uwansa. Bai taɓa ta da maganar kuɗi ba, ni ma ban taɓa ba. Kowane azumi kuma yana aiko mini da kwalin sukari, kamar yadda yake aika wa duk mutanensa. Ni, da sukari ya cinye wa ƙafa. Uwarku takan karɓa ta ce a gode wa Alhaji, ta ajiye shi a inda zan riƙa ganinsa har salla.

Kuna tambayar junanku ko dabara aka yi mini. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Liman da dillalan nan, shaidu aka tara ko masu dubiya ne? Ɗakin majinyaci ai ba ya rasa mutane. Salular da ke hannun Nasiru, ɗaukar magana yake yi ko riƙe ta kawai yake, kamar yadda kowa ke riƙe tasa yanzu? Da Alhaji ya ce duka, kuɗinsa yake tsarewa, ko tsoron haɗuwa da Allah da haƙƙina a wuyansa yake ji? Wata rana in tashi da tabbacin an yi mini wayo, kafin la'asar in tuna sanyin hannun nan in ce a'a, ba a yin wasa da irin wannan. Watakila ma duka biyun ne, shi kansa bai san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba, kamar yadda ni ban sani ba a zaurensa. Ban sani ba, kuma na daina sa ran zan sani.

Abu ɗaya dai na koya, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Wanda yake kwance yana jiran gobe, in ya ce ka yafe masa, ba tambayarka yake yi ba, domin ba ka da bakin ƙi. Uwarku ta yi gaskiya tun farko: gonar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma ba a tambaye ku ba. Wata rana za a kira ku ku tsaya a kaina, in miƙo hannu, ku ce kun yafe, don ba yadda za ku yi. Ba na son wannan. Shi ya sa nake tambayarku yanzu, ina zaune da ƙarfina, na ci tuwona, ba likitan da ke jirana gobe. Ku je Urno ku tsaya a bakin gonar, ku dubi albasar Ɗan Tanin da kyau, ku yi lissafin abin da kuka rasa. Wanda ya ga zai iya, ya zo ya faɗa mini. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya zo ya faɗa mini wannan ma, zan ba shi tabarma ya zauna. Kar dai kowa ya yi saurin amsawa.